Daga "Ba Ya Ilmantuwa" Zuwa "Mai Buƙata Ta Musamman": Yadda Iyaye a Ingila Suka Kai 'Ya'yansu Aji

Maƙalarmu ta wannan mako tarihi ce, kuma Ingila za ta kai mu.

Duk mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa "masu buƙata ta musamman". A da ba haka ake faɗa ba. Nakasassu ake cewa, ko kuma a kira kowa da lalurarsa: makaho, kurma, gurgu. Wannan sabuwar magana fassara ce daga Turanci, kuma a Turancin ma ba da ita aka tashi ba. A Ingila sai a 1981 ta shiga dokar ilimi, bayan iyaye sun shafe shekara talatin da biyar suna kai ruwa rana da hukuma. Na kawo labarin nan zauren ne domin rabinsa labarin kalmomi ne: wace kalma aka rubuta a doka, wa ya zaɓe ta, kuma yara nawa ta rufe wa ƙofar aji.

Mu faro daga 1913. A shekarar majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da doka kan masu raunin ƙwaƙwalwa. Ta kasa su gida huɗu, ta raɗa musu sunayen da a Turancin yau zagi ne tsagwaronsa, sannan ta ba hukuma ikon killace su a manyan gidaje a bayan gari, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Zamani ne da masu ilimi da yawa suka yarda cewa raunin ƙwaƙwalwa gado ne, kuma maganinsa a raba masu shi da jama'a don kada su hayayyafa. 'Yan majalisa uku kacal suka ƙi amincewa. Wanda ya fi kafewa a cikinsu shi ne Josiah Wedgwood, ya yi ta kawo gyara bayan gyara don ya taka wa dokar birki, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dokar ilimi ta 1944, wadda ake kira da sunan ministan da ya kawo ta, Butler. Turawan Ingila suna alfahari da ita har gobe, domin ita ta sa karatun sakandare ya zama kyauta ga kowane yaro. To amma akwai sashe na 57. Sashen ya ce idan aka duba yaro aka ga raunin ƙwaƙwalwarsa ya kai yadda ba zai iya karɓar ilimi a makaranta ba, hukumar ilimi za ta cire hannunta daga kansa ta miƙa shi ga ɓangaren lafiya. A aikace likitan hukuma ne ke yi wa yaro gwajin kaifin basira, kuma wanda ya gaza kai maki 50 yawanci shi ke nan, an yanke masa hukuncin ba ya ilmantuwa. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi amma suna da wata lalura, ƙa'idojin 1945 sun kasa su aji goma sha ɗaya: makafi, masu raunin gani, kurame, masu raunin ji, masu farfaɗiya, masu ciwon sukari, masu in'ina da matsalar furuci, da sauransu. Ɗaya daga cikin azuzuwan shi ne "waɗanda ba su kai mizani ba a karatu". Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaron da aka ce ba ya ilmantuwa, ɗayan uku ne makomarsa. Ko ya samu gurbi a cibiyar horo, inda masu kula da shi ba a ma kiran su malamai, ko a kai shi asibitin masu raunin ƙwaƙwalwa ya girma a can, ko ya zauna a gida tare da uwarsa dare da rana. A 1959 aka sassauta lafazin, aka koma cewa yaron "bai dace da karatu a makaranta ba". Kalmar ta yi laushi, ƙofar tana nan a rufe.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari wasiƙa ce. A 1946 wata uwa mai suna Judy Fryd, wadda makarantu suka ƙi riƙe 'yarta, ta aika da wasiƙa ga mujallar Nursery World tana neman iyaye masu irin damuwarta su tuntuɓe ta. Amsoshi suka yi ta zuwa daga mutanen da kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne. A shekarar aka kafa ƙungiyar iyayen irin waɗannan yara, ita ce daga baya ta zama Mencap, tana nan har yau. Fryd ba ta da kujera a majalisa, ba ta da jarida. Abin da ta yi shi ne ta gane inda mutanenta suke karatu ta je can ta same su.

Iyaye suna da hujjar zuci, amma hukuma tana son hujjar takarda. Wannan ta zo daga wani masanin halayyar ɗan'adam, Jack Tizard. Daga 1958 ya jagoranci wani gwaji: aka ɗauko yara 16 daga asibitin Fountain da ke Landan aka kai su wani gida mai suna Brooklands, aka riƙe su kamar yaran raino, ana wasa da su, ana yi musu magana, ana fita da su. Aka bar takwarorinsu a asibitin don kwatantawa. Bayan shekara biyu, ci gaban da yaran Brooklands suka samu wajen magana da mu'amala ya zarce na 'yan asibitin nesa ba kusa ba. Ashe wani kaso na abin da ake kira raunin yaro, raunin wurin da aka ajiye shi ne. A 1967 wani malamin makaranta, Stanley Segal, ya fitar da littafin da sunansa kansa jayayya ce da doka, ma'anarsa babu yaron da ba ya ilmantuwa. A wannan shekarar kuma asirin asibitin Ely da ke Kadif ya tonu a jarida, kuma rahoton binciken da ya fito a 1969 ya tabbatar da an wulaƙanta marasa lafiya a can. Jama'a suka fara tambayar abin da ke faruwa a bayan waɗannan katangu.

A 1970 majalisa ta yi gajeriyar doka ta soke ikon ware yaro a ce bai dace da makaranta ba. Ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 1971 a Ingila da Wels. A wannan rana yara kusan 24,000 da ke cibiyoyin horo, da wasu kusan 8,000 da ke asibitoci, da waɗanda ke zaune a gida ba a san adadinsu ba, suka zama 'yan makaranta a idon doka. Galibin gine-ginen ba su canza ba, allon ƙofa aka sauya. Duk da haka ban yarda da masu cewa sauyin suna ne kawai ba. Tun daga ranar akwai ofishin da uba zai je ya buga tebur ya ce ɗana haƙƙinku ne.

Yanzu mu koma kan ajin nan na "waɗanda ba su kai mizani ba", domin a nan ne labarin ya fi ɗaci. Bayan yaƙin duniya na biyu baƙaƙen fata daga tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika da Tirinidad, sun yi ƙaura zuwa Birtaniya don aiki. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 sai iyaye suka lura ana ta kwasar 'ya'yansu ana kai su makarantun wannan aji. Alƙaluman hukumar ilimi ta tsakiyar Landan da kanta sun nuna cewa kason 'ya'yan baƙi a waɗannan makarantu ya kusa ninka kasonsu a makarantun gama-gari. Yaro ya taso da Turancin tsibirinsu, an yi masa gwaji da Turancin Landan kan abubuwan da bai taɓa gani ba, ya faɗi, an rubuta ƙwaƙwalwarsa ce. Abin takaicin, iyaye da yawa da aka ce musu za a kai ɗansu makaranta "ta musamman" murna suka yi, sun zaci ƙarin gata ne. Kalmar da muke ganin ta girmamawa ce a yau, da ita aka rufe wa waɗancan iyaye ido.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Bernard Coard, ɗan ƙasar Girenada, wanda ya koyar a irin waɗannan makarantu a Landan. A 1971 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan yadda tsarin makarantun Birtaniya ke mayar da yaron Karibiyan daƙiƙi da gangan ko da sakaci. Kamfanin New Beacon na baƙaƙen fata ne ya buga shi, al'umma suka haɗa kuɗin, aka riƙa sayar da shi hannu da hannu a taruka da gidaje. Bai rubuta shi don farfesoshi ba. Ya rubuta wa uwar da ta dawo daga aikin dare a asibiti, da harshen da za ta gane, ya gaya mata tambayoyin da za ta yi wa shugaban makaranta. Makarantun ranar Asabar da iyaye baƙaƙe suke buɗewa da kansu suka ƙara yawa bayan fitowarsa. Shi Coard daga baya ya koma gida ya shiga siyasa, ya zama mataimakin firaminista, ya kuma yi shekaru masu yawa a kurkuku saboda rikicin 1983 da aka kashe Maurice Bishop a cikinsa. Wannan wani babi ne daban, kuma bai goge gaskiyar da ke cikin littafin ba.

A ƙarshen 1973 ministar ilimi, Margaret Thatcher, ta sanar da kafa kwamitin da zai duba ilimin yara masu nakasa baki ɗaya. Aka ɗora Mary Warnock a kai, malamar falsafa a Oxford wadda ta taɓa shugabantar makarantar 'yan mata. Kwamitin ya fara zama a 1974, ya miƙa rahoto a watan Mayun 1978 da shawarwari sama da 200. Babbar shawarar ita ce a daina tambayar "mene ne ciwon yaron nan", a koma tambayar "me yake buƙata don ya koya". A zubar da azuzuwan nan, a maye gurbinsu da magana ɗaya: buƙatun ilimi na musamman. Rahoton ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci irin wannan taimako a wani lokaci na karatunsa, alhali kashi biyu cikin ɗari ne kawai ke makarantu na musamman. Wato yawancinsu suna zaune a aji ɗaya da kowa, ba wanda ya kula. An kuma ware babi guda kan cewa iyaye abokan aiki ne, ba masu karɓar umarni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekaru bayan haka Warnock ta bayyana cewa ma'aikatar ilimi ta ja wa kwamitin layi biyu: kada ya lissafa talauci cikin abubuwan da ke haifar da buƙata ta musamman, kuma kada ya ɗauki disleksiya, wato matsalar harhaɗa baƙaƙe, a matsayin lalura mai zaman kanta. Mai rubutun tarihi ya riƙa neman irin wannan, abin da aka hana rahoto faɗa.

Dokar 1981 ta ɗauki ruhin rahoton, ta fara aiki a Afrilun 1983. Ta ƙirƙiro takardar bayanin buƙatu: idan lalurar yaro ta yi tsanani, ƙaramar hukuma za ta sa ƙwararru su duba shi, ta ji ta bakin iyaye, sannan ta rubuta abin da yake buƙata da abin da za a yi masa. Abin da aka rubuta ya zama wajibi a kanta. Ta kuma ce a koyar da yaro tare da sauran yara, bisa sharuɗɗa uku: ya samu taimakon da yake buƙata a can, kada karatun sauran ya cutu, kuma kada a yi ɓarnar kuɗi. Sharaɗi na ukun nan ƙofa ce da raƙumi zai wuce da kayansa. Sannan gwamnati ba ta ware ƙarin kuɗi don aiwatar da dokar ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Ga inda aka ƙulla matsalar da har yau ba a kwance ba. Hukumar da za ta auna buƙatar yaro ita ce za ta biya kuɗin biyan buƙatar. Duk awa ɗaya da jami'i ya rubuta, daga asusun ofishinsa za ta fita. Sai aka koyi rubutu mai santsi. Maimakon a ce ƙwararriyar gyaran magana za ta zauna da yaro minti talatin sau biyu a mako, sai a rubuta zai "samu damar" ganin ƙwararriya, ko za a taimaka masa "a kai a kai", ko "gwargwadon yadda ya dace". Ku sake karanta su. Babu ɗaya da za a kama mutum da ita. Sau ɗaya a zango ma a kai a kai ne. Idan iyaye suka yi ƙorafi, kwamitin ɗaukaka ƙara na yankin ba shi da ikon tilasta wa hukuma, sai dai ya ce ta sake dubawa. A 1983 aka kafa ƙungiyar IPSEA don ba iyaye shawarar doka kyauta, kuma babban aikinta tun lokacin shi ne koya wa iyaye karanta takarda da jan biro a hannu.

Dokar 1993 ta kafa kotu ta musamman mai zaman kanta, ta fara sauraren ƙararrakin iyaye a 1994, hukuncinta kuma ya hau kan hukuma dole. Bayan haka aka yanke shari'o'i biyu da duk lauyan wannan fanni ya haddace. Ta farko ita ce shari'ar Tandy. Wata yarinya da ciwo ya hana zuwa makaranta tana samun darasin gida awa biyar a mako, sai ƙaramar hukumar Sussex ta Gabas ta rage zuwa uku, ba don yarinyar ta samu sauƙi ba, don an zaftare kasafin kuɗi. Magana ta kai gaban alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli. Suka ce abin da ya dace da ilimin yaro ana auna shi ne da ma'aunin ilimi, ba da abin da ya rage a asusu ba, kuma idan aka bar hukuma ta fake da rashin kuɗi, an mayar da wajibi ya zama ganin dama. Ta biyu ta shafi hukumar Somerset, inda alƙali Laws ya ce dole abin da aka rubuta a takardar yaro ya fito fili yadda ba zai bar wata kafar shakka ba, kuma sau da yawa hakan na nufin a faɗi awa nawa a mako. Alƙali ne yake koyar da darasin da muke ta nanatawa a zauren nan game da siffa da lamba.

A tsakanin nan duniya ma ta motsa. Taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, wanda gwamnatoci 92 suka halarta, ya yi kira a koyar da yara duka a makaranta ɗaya, kuma dokar 2001 ta ƙarfafa wannan haƙƙi a Ingila. Sai ga Warnock da kanta a 2005 ta fitar da ƙasida tana cewa a sake lale. Ta ce takardar bayanin buƙatu ta zama filin daga tsakanin iyaye da hukuma, kuma cusa wasu yara a babbar makarantar sakandare, musamman masu otizim, yana jefa su cikin kaɗaici da tsangwama. Masu fafutukar haɗa yara suka ce ta ci amanarsu, wasu iyayen suka ce sai yanzu aka faɗi abin da ke ransu. A ganina ta yi daidai da ta faɗa, ko da ba a yarda da duk abin da ta faɗa ba. Ba kasafai ake samun wanda sunansa ke kan rahoto ya fito ya nuna inda rahoton ya yi tuntuɓe ba.

Binciken da Brian Lamb ya jagoranta ya tabbatar a 2009 cewa iyaye da yawa sun daina yarda da tsarin. Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ta zo da niyyar gyara. Daga Satumbar shekarar aka maye gurbin tsohuwar takarda da kundi ɗaya da ya haɗa ilimi da lafiya da kulawa, daga haihuwa har shekara 25. Aka ba hukuma mako 20 ta kammala shi daga ranar da aka nema. Aka wajabta mata sauraren ra'ayin yaro da na iyayensa. Sashe na 42 ya ce dole ta samar da taimakon ilimin da aka rubuta a kundin, ba a ce ta yi ƙoƙari ba. Sai dai mai aunawa da mai biya har yanzu mutum ɗaya ne, kuma dokar ta zo a shekarun da ake tsuke kasafin ƙananan hukumomi. Taimakon da makaranta ke bayarwa ba tare da kundi ba ya ragu, don haka duk uwar da ke son a kula da ɗanta ta gane cewa kundin ne kaɗai abin da kotu za ta tsaya a kai.

A 2015 yara da matasa kusan 240,000 ne ke da takarda ko kundi a Ingila. A Janairun 2024 sun kai kusan 576,000. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce a Oktoban 2024 kasafin wannan ɓangare ya kai fam biliyan 10.7 a shekara, amma sakamakon yaran bai inganta ba, kuma tsarin ba zai ɗore a haka ba. A lokacin, kusan rabin sababbin kundaye ne kawai ake kammalawa cikin mako 20 ɗin da doka ta ce. Warnock ba ta ga waɗannan alƙaluma ba, ta rasu a Maris ɗin 2019.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 iyaye sun shigar da ƙara kusan 21,000 a kotun. Cikin waɗanda aka kai ga yanke hukunci, kashi 99 cikin ɗari iyaye ne suka yi nasara, ko duka ko a wani ɓangare na ƙarar. Ƙananan hukumomi suna cewa dokar ta ɗora musu abin da ba a ba su kuɗinsa ba. Ƙungiyoyin iyaye suna cewa hukumomin sun san za su faɗi, jinkirin suke so, domin duk watan da aka yi ana jiran zaman kotu wata ne da ba a biya ba. Kuma lissafin kotu bai ƙunshi uwar da aka aiko wa takardar ƙi ta karanta ta ninke ta ajiye ba, saboda Turancinta bai kai ba, ko aikinta ba ya barin ta, ko ba wanda ya gaya mata cewa tana da wata biyu ta ɗaukaka ƙara.